Magen da Na Kai Kampung Baru a Buhu

Masaukina na farko a Kuala Lumpur wani ɗaki ne a Taman Melati wanda dillali ya turo mini hotonsa tun ina gida. A hoton akwai gado, akwai labule mai furanni. Da na iso na tarar labulen na nan, amma da na ɗaga shi bango ne a bayansa. Falo aka raba da katako aka fitar da ɗakuna uku, ni aka ba na tsakiya. Na kira dillalin raina a ɓace, ya ce shi fa bai taɓa ce mini akwai taga ba, hoto kawai ya turo. Gaskiya ne kuma, bai faɗa ba.

Sunana Zuwaira. Malama ce ni a wata kwalejin ilimi, gwamnati ta turo ni yin digiri na uku. Na baro maigidana da 'ya'ya uku a Bichi, ƙaramarsu ba a daɗe da yaye ta ba. Wata biyu na yi a cikin akwatin katakon nan ina neman wani ɗaki. Sai in kira mai gida mu yi magana lafiya lau, har ya ce in zo in gani, da zarar ya tambayi ƙasata na ce Najeriya sai ɗakin ya zama an riga an kama. Wanda ya fi su kunya shi ne ya ce mini shi ba ruwansa, matarsa ce ba ta yarda ba.

Saratu ce ta fitar da ni. 'Yar Kafanchan ce, Kirista, tana karatun aikin jinya. Mun haɗu a wani kedai, wato ƙaramin shago, inda 'yan Afirka ke sayen manja da garin rogo. Ta ji ina yi wa babban ɗana faɗa a waya don ya ƙi zuwa Islamiyya, ta tsaya tana dariya har na gama, ta ce kamar muryar mamanta ta ji. A ranar ta gaya mini abokiyar zamanta ta kammala ta koma gida, in zo in ga ɗakin. A Wangsa Maju yake, hawa na huɗu a wani tsohon bene marar lif, amma tagar ta gaske ce, har ana hango jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa. Tana ce mini Anti, ina ce mata ƙanwata. Duk Lahadi in ta dawo daga coci sai mu tuƙa tuwo da garin shinkafa mu zauna muna gulmar malamanmu.

Abin da ya ɓata zaman shi ne ɓeraye. A ƙasan benen akwai gidan abinci na mamak, Indiyawan nan Musulmi, da manyan kwandunan shararsu, ɓerayen kuma ta bututun ruwa suke hawowa har wajenmu. Ni kuwa na zo da dukiyata daga gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishin da maigidana ya sa aka yi mini, da daddawar da mahaifiyata ta kirɓa da hannunta. Ranar da na buɗe kwali na ga sun huda ledar daddawar sun yi kashi a ciki, na zauna a ƙasan kicin na yi kuka sosai. Saratu ta kawo tarko, suka cinye gyaɗar suka bar mata tarkon. Ta kawo gam, ƙadangaren bango kaɗai ya kama.

A gidanmu maganin ɓera mage ce, kuma samun mage ba aiki ba ne. Ba a sayenta, ba a raɗa mata suna. Ka ji ta maƙwabta ta haihu sai ka aika a ɗauko maka ɗaya a kwali. Ta ci kan kifi da ragowar tuwo, ta kama ɓera, ta kwanta inda ta ga dama. In ta fitini mutane, ta fara cin 'yan tsaki, sai a saka ta a buhu don kada ta ga hanya, a kai ta kasuwa wajen mahauta a sake ta. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan mugunta ba. Da wannan ilimin na tashi, da shi kuma na tambayi wata 'yar ajinmu Bamalayiya inda zan samu mage. Ta yi murna kamar na ce zan yi aure, ta ba ni adireshin wani gidan kula da maguna a bayan gari.

Mai gidan wata mata ce 'yar asalin Sin, Misis Tan, siririya mai gajeren gashi, hannuwanta duk tabon yakushi. Ta zaunar da ni da Saratu ta miƙo mini fom mai shafi shida. Awa nawa nake yi a waje kullum? Tagoginmu da raga? Wa zai riƙe magen in na koma ƙasarmu? Wa zai riƙe ta in na mutu? Ko da aka zo neman aurena ba a yi wa dangin maigidana rabin tambayoyin nan ba. Da ta tambayi dalilin da ya sa nake son mage, Saratu ta take mini ƙafa, don tun a hanya ta gargaɗe ni kada in kuskura in ambaci ɓera. Na ce kaɗaici ne ya dame ni. Ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba.

Ta karɓi kwafin fasfona da katin makaranta, sannan ta ce in rubuta sunan wani babban mutum da ya san ni. Wa na sani a ƙasar? Na rubuta Farfesa Noraini, malamar da ke duba aikina. Ita ce duk shekara take sa hannu a rahotona, kuma in babu wannan sa hannun ba a sabunta wa ɗalibi izinin zama. A lokacin ban haɗa abu biyun nan a kaina ba. Na sa hannu a ƙasan kowane shafi ban karanta ba, yadda muke yi a banki.

Duk magunan suna zuwa bakin kejinsu suna shafa kai, ban da wata toka-toka mai farin tabo a hanci, da guntuwar wutsiya, da kunne ɗaya an yanke bakinsa. Tana can ƙuryar keji ta juya mana baya. A katin da aka rataya mata an rubuta sunanta Moci, mai sanyin hali, mai son zaman ɗaki. Misis Tan ta ce kunya ce kawai, irin wadda ta dace da mai karatu, ba za ta dame ni ba. Na ce to, a raina kuwa na ga tana da ƙirar mafarauta.

Kwana uku Moci ta yi a bayan firiji. Da ta fito sai ta nufi ƙofa ta fara karce ta tana wani irin kuka mai tsawo da ban taɓa jin mage ta yi ba. In ta gaji ta hau taga ta manna fuska a ragar da aka tilasta mana sawa tana kallon ƙasa. Ba ta yarda a taɓa ta. Na ba ta kan kifi da tuwo, ta shinshina ta kalle ni. Game da aikin da aka ɗauko ta dominsa kuwa, da idona na ga ɓera ya fito daga ƙarƙashin abin wanke-wanke ya bi ta gabanta ya shige bayan buhun shinkafa, ita kuwa ko kunnenta ba ta motsa ba. Saratu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Anti, kin kawo mana mai gadi mai karɓar cin hanci."

Dariyar ba ta daɗe ba. An ba mu kwanon yashi na bayan gidanta, Moci ta ƙi shi, ta zaɓi sallayata. Na wanke, na shanya, na ɓoye a saman kwaba, ta hau ta same ta. Na sayi sabuwa, ta yi wa sabuwar. Na koma ina kulle ɗaki, sai ta jira in shimfiɗa in juya ɗaukar hijabi. Wata rana ina sujjada a sallar la'asar ta daka tsalle ta kama mini dunduniya da haƙori, na sallame ba shiri. Na kai matsayin da ba na tayar da salla sai na shinshina ƙasa, in na idar kuma in zauna ina kokwanton ko ta karɓu. Mutum yana ƙasar da bai da kowa, abu ɗaya da ya rage masa na natsuwa shi ne raka'o'in nan, su ma mage ta shiga tsakani.

A makaranta kuma abin ya juya wata fuskar. Ashe Misis Tan ta kira Farfesa ta tambayi halina. Farfesar da wata takwas ban ga haƙorinta ba, wadda ke mayar mini da babi ja wur da gyara, sai ga ta tana tare ni da fara'a. Sai a lokacin na lura hotunan da suka cika bangon ofishinta na maguna ne, jikokinta biyu kaɗai suka samu gurbi a gefe. Duk ganawa sai ta fara da tambayar Moci kafin ta buɗe aikina. Ni kuma in ce lafiya lau, tana sabawa.

Da abin ya kai wata guda na kira Misis Tan na ce zan dawo da ita. Ina so a riƙe wannan, don daga baya an yi kamar ban taɓa kira ba. Ta ce ba wuri, kejin Moci an sa wata. Ta ce mage tana buƙatar wata uku kafin ta saba, ta tambaye ni ko ina yi mata tsawa, ko ina ƙona turare, ko ina wasa da ita minti ashirin kullum. Ta turo mini bidiyo bakwai kan yadda ake fahimtar zuciyar mage. Na kalli uku. Bayan sati biyu na sake kira, ta ce za ta sa sunana a layin masu jira. A satin ne Moci ta yage wa Saratu bayan hannu, wurin ya kumbura, aka hana ta taɓa marasa lafiya a asibitin da take koyon aiki. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna a bakin gadona da bandeji ta ce, "Anti, I'm sorry, amma ki san yadda za ki yi da ita. Na gaji."

To ni na san yadda ake yi. Na zazzage ragowar shinkafa a roba na kakkaɓe buhun. Muna da kwandon ɗaukar mage da gidan suka sa muka saya, amma yana da ƙofar raga, za ta ga hanya. Yanzu in na tuna dariya take ba ni da takaici, tasha takwas ce a jirgi, ƙarshenta ma ta ƙarƙashin ƙasa, wace hanya za ta gani? Amma haka na ga ana yi tun ina yarinya. Na lulluɓe ta da tawul, na sha yakushi, na saka ta a buhu na huda masa ƙofofin iska, na sa buhun a babbar jaka. Ba a shiga jirgin da dabba. Sau ɗaya ta yi kuka, na rufe shi da tari.

Ban zaɓi Kampung Baru da ka ba. Tsohuwar unguwar Malayawa ce a tsakiyar birni, gidajen katako a kan ƙafafu, dogayen benaye na gilashi sun kewaye ta. Nakan je can cin abinci in kewar gida ta taso, don nan kaɗai nake ganin kaji suna yawo da tsofaffi zaune a ƙofar gida. Na sha ganin maguna a bayan masallaci, wajen masu soya kifi, kowace ta yi ɓul-ɓul, ba mai korarsu. A can na kwance bakin buhun, na ajiye soyayyen kifi guda, na yi bismilla. Ta fito ta tsaya, ta ɗaga hanci sama, ta yi miƙa. Ko kallona ba ta yi ba ta shige ƙarƙashin wani gida. Na koma Wangsa Maju zuciyata wasai, na wanke ɗaki da sabulu, na yi sallar magariba ba tare da na shinshina komai ba.

Sati biyu bayan haka saƙon Misis Tan ya shigo, wai lokacin hoton wata-wata ya yi. Da na so da na tura mata tsohon hoto. Ban yi ba, don ban ga abin ɓoyewa ba. Na rubuta mata cewa tunda ba su da wuri na warware matsalar da kaina, na kai Moci wuri mai kyau mai yawan abinci. Ban ajiye wayar ba ta kira.

"Kin jefar da ita a titi?"

"Ban jefar da ita ba. Na kai ta bayan masallaci, wajen masu kifi."

"A cikin me?"

"A buhu."

Sai ta fara, da murya ƙasa-ƙasa, ta wanke ni tas. Ta ce abin da na yi laifi ne a dokar ƙasar, kuma yana shafi na biyar na takardar da na sa wa hannu. Ta ce ta yi kuskuren yarda da ni duk da an sha gargaɗinta game da ɗalibai baƙi. Ta ba ni kwana bakwai in kawo Moci da rai. In ba haka ba za ta kai ƙara wurin hukuma, kuma za ta rubuta wa Farfesa Noraini duk abin da ya faru, har da buhun.

Sauran kwana goma a lokacin in kai wa Farfesa rahoton shekara ta sa hannu. Na tsorata, amma fushina ya fi tsorona. Ni da na kira sau biyu aka ce ba wuri, yanzu wuri ya samu? Ni da na zaɓar mata unguwa kamar mai neman wa 'ya gidan miji, ni ce azzaluma? Saratu ta ɗauko takardar ta karanta shafi na biyar a bayyane, ta ce, "Anti, ki ajiye faɗan nan tukuna. Matar nan is serious. Je ki nemo magen."

Kwana huɗu na yi ina zaga Kampung Baru. In fito daga aji in hau jirgi, in bi lungu-lungu da hoton Moci a waya, ina leƙa ƙarƙashin gidajen mutane ina kiran mus-mus. Mace mai 'ya'ya uku, malamar da ɗalibai ke miƙewa in ta shiga aji, ga ni durƙushe a bakin kwata. Rana ta gasa ni, ruwan la'asar ya jiƙa ni. Wasu su kalli hoton su girgiza kai, wasu su nuna mini wata magen dabam, wani ya ɗauka sayar da ita nake yi. Wata mata ta ja jakarta jikinta da na matso. Wannan ta fi ruwan saman yi mini ciwo.

Rana ta biyar ruwa ya kora ni ƙarƙashin rumfar wata tsohuwa mai sayar da nasi lemak, shinkafar nan da ake dafawa da madarar kwakwa, da soyayyen kifi. Makcik Rohani ake ce mata, makcik ɗin kamar a ce inna. Ta jawo mini kujera, ta zuba mini shayi mai zafi ban tambaya ba, ta ce makan, wato in ci. Turancinta kaɗan ne, Malayancina bai kai nata Turancin ba, sauran muka cike da hannu. Da ta ji ni malama ce sai ta koma kirana Cikgu, haka suke ce wa malamai. Na nuna mata hoton don kada in tashi ban tambaya ba. Ta kawo wayar kusa da ido, ta fashe da dariya, ta ɗaga ƙyallen da ya rufe teburinta.

Ga ta nan kwance a kan buhun albasa. Ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi. Makcik ta sa hannu ta ɗauko ta kamar jaririya ta ɗora a cinya, magen da ta kusa raba Saratu da hannunta ta lumshe ido tana gurnani. Makcik ta ce sunanta Comot, ita ta kawo kanta, kuma tun zuwanta ɓera bai ƙara taɓa mata shinkafa ba, kusan kullum da safe sai ta tarar an jere mata ɗaya ko biyu a bakin ƙofa. Na kalli magen, ta kalle ni. Wallahi da ba a gaban mutane ba ne da na zage ta.

Na yi wa Makcik bayani iya yadda zan iya. Ta ce ai abu mai sauƙi ne, boleh, wato zai yiwu, a kawo takardar ita ta sa hannu, magen ta zama tata. Na ji kamar an sauke mini kaya. Nan take na kira Misis Tan ta bidiyo, na nuna mata Moci a cinyar tsohuwa, na nuna mata kwanon kifinta da na ruwanta, na ce ga mai so ta samu.

Ta ce a'a. Ta ce rumfa ba gida ba ce, ba raga, ga titi ga babura. Ta ce ni ban san adadin magunan da ta kwashe da hannunta daga kan kwalta ba. Wannan na yarda da ita, na ga hannuwan nata. Amma sai ta ƙara da cewa ba don Moci ta koma titi suka sha wahalar kamo ta daga kasuwa ba, kuma mutum biyun da suka ɗauke ta kafin ni, da ta gagare su, ta hanyar da ta dace suka dawo da ita.

Na ce ta maimaita. Ashe a kasuwa aka haife ta, a kasuwa ta girma. Yankan kunnen nan da na zaci faɗa ne, alama ce da suke yi wa magen titi in sun yi mata aikin hana haihuwa. Ashe sau biyu ana kai ta gidan bene tana haukacewa ana dawo da ita. Duk sun sani, suka rubuta mai son zaman ɗaki suka rataya mata, suka jira baƙuwar da ba ta san komai ba. Na manta a rumfar mutane nake. Na ce mata ita ce ta yi ƙarya a rubuce, ni kuwa ban yi wa kowa ƙarya ba sai a kan ɓera. Na ce magen nan ta fi ta sanin inda ya dace da ita, ga ta nan ta nuna. Na ce buhuna ya yi mata abin da kejinsu da fom ɗinsu suka kasa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Sauran kwana biyu," ta kashe.

Na shiga masallacin na yi la'asar, na daɗe zaune a sashen mata. Na san ni ce da gaskiya, har yau kuma ban canza ba. Amma na tuna fuskar Farfesa in ta karanta kalmar buhu. Na tuna maigidana da ya shekara yana yi wa yara shirin makaranta, da kwalejin da ta sake ni, da ƙaramar 'yata da yanzu take ɓuya in an miƙa mata waya don ba ta gane ni. In koma in ce musu me? An koro ni saboda mage? Ba na jin na taɓa tsanar wata shawara kamar wadda na yanke a wurin.

Washegari na zo da kwandon mai ƙofar raga. Moci na hango shi ta haye saman rumfa. Na san ba za ta taɓa zuwa hannuna ba, mutum ɗaya ce za ta iya kama ta. Sai na ce wa Makcik likita ne kawai zai duba ta a yi mata allura, kwana kaɗan a dawo da ita. Ta ce to, hakan ma ya yi kyau. Ta ɓare kifi ta kira Comot, magen ta sauko da gudu, ta shafa mata kai, ta saka ta a kwandon da hannunta ta rufe. Tun daga nan har bayan gari kukan nan mai tsawo take yi, direban tasi yana ta kallona ta madubi.

Misis Tan ba ta gaishe ni ba. Ta duba magen ciki da baya tana neman rauni ba ta samu ba, ta ɗora ta a sikeli, na ga ta ɗan tsaya da ta ga nauyin. Ta mayar da ita wani keji a layin ƙasa. Moci ta wuce ƙurya ta juya baya. Aka ba ni wata takarda na sa hannu, wannan karon na karanta kowane layi. An rubuta cewa ba za a sake ba ni dabba ba, kuma ba a yarda in sake shiga gidan ba. Na tambaya ko za su gyara katin su rubuta gaskiya. Ta ce wannan ba hurumina ba ne.

Farfesa ta sa hannu a rahoton ranar Talata. Ta tambayi Moci, na ce zaman bai yiwu ba na mayar da ita. Ta ce ayya, ba kowa ke da haƙurin mage ba, ta buɗe babina na uku. Aka sabunta mini izinin zama. Saratu ta sayo tarko mai ƙarfi, muka koma ajiye kayan miya a cikin firiji.

Sati uku na ƙaurace wa Kampung Baru. Amma na riga na ba Makcik lambata, kuma duk bayan kwana biyu sai ta turo saƙon murya, Cikgu, yaushe Comot za ta dawo? Ina saurare in kife wayar. Ranar da ta ce ko kuɗin allurar ne ya gagara ta taimaka, na kasa ci gaba. Na hau jirgi na je na zauna a kujerar nan na gaya mata komai, da Turanci da Malayanci da hannu. Na ce ba za ta dawo ba, kuma tun ranar na sani.

Na so ta yi mini faɗa, da na samu sauƙi. Ta ci gaba da juya kifi a kasko. Sannan ta tambaye ni ko a can suna ba ta kifi. Na ce a'a, busasshen abinci ne na leda. Ta girgiza kai. Ta zaɓi babba a cikin waɗanda ta kwashe, ta zare masa ƙaya da yatsunta a hankali, ta naɗe a ganyen ayaba ta ɗaure da roba.

"Kai mata, Cikgu. Ba ta son mai yaji."

Na karɓa da hannu biyu. Ban iya gaya mata an hana ni shiga gidan ba. Na riƙe ƙullin a cinyata a cikin jirgi, har muka isa Wangsa Maju da sauran ɗuminsa.